Gwiwar Mai Hoto a Ƙarƙashin Jar Fitila

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau aka fara yi min gashin gwiwa a asibiti. Na tafi da shirin allura ko wuƙa, sai ga wata yarinya da ba ta kai Autarmu shekaru ba ta gunguro wata fitila mai dogon wuya, ta ce in naɗe ƙafar wando. Tana kunnawa dariya ta ƙwace min. Ja ce! Ni da na shekara arba'in da ɗaya ina wanke hoto a ƙarƙashin jar fitila, yau ita aka kawo min da sunan magani. Na ce mata, 'yata, da jan haske na gyara gwiwa, ai da yanzu ƙwallo nake bugawa. Murmushi kawai ta yi. Ta miƙo min baƙin tabarau, ta auna tsakanin fitilar da fatata da tef, ta murɗa wani ɗan agogo. Minti goma sha biyu, ko daƙiƙa ba ta ƙara ba.

Likita ya ce guringuntsin gwiwar hagu ya cinye, ƙashi ke gugar ƙashi, shi ya sa take kumbura. Wai fitilar ba za ta dawo da abin da ya tafi ba, sai dai ta rage kumburi da zogi in an haɗa da motsa ƙafa. Sau goma sha biyu za a yi, Litinin, Laraba, Juma'a.

Bari in rubuta dokar a nan, kada gobe a ce ban ji ba. Shagona a saman bene yake, matakala ashirin da biyu. Watan jiya ƙafar ta lanƙwashe ina saukowa, na gangaro shidan ƙarshe da baya. Tun ranar matar gidan nan ta hana ni hawa. Gwamnati nake kiranta tun makon farko na aurenmu, kuma har yau ba ta taɓa musawa ba. Ita da Auta suka zauna suka yanke hukunci: in an gama gashin, zan hau benen a gabansu, a tsaye, ba zama, ba mai riƙe ni. In na hau, shago nawa ne. In na kasa, in mayar wa mai benen makullinsa ran ɗaya ga wata. Na ce na yarda. To da me zan ƙi? Su biyu ne, ni kuwa gwiwa ɗaya gare ni.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na biyu. Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. In na rufe ido, ɗumin na shiga ƙashi, jan yana ratsowa ta gefen tabarau, sai in ji ni a ɗakin wankin hoto. Har warin ruwan nake ji a hanci. Daga nan fuskoki su fara fitowa a hankali, yadda suke fitowa a farar takarda cikin faranti: ido tukuna, sai gira, sai inuwar ƙarƙashin hanci, baki a ƙarshe.

Yau wani mutum ne ya fito, wanda ya taɓa zuwa da aron keke, ya saɓo shi a kafaɗa har sama don a ɗauke shi yana riƙe da shi. Mahaifiyarsa zai aika wa. An fi shekara talatin, ban taɓa tuna shi ba sai yau. Yana gab da yin murmushi agogon ya yi ƙara.

Na roƙi yarinyar ta ƙara min minti biyar. Ta ce, "A'a, Baba." Na sa mata suna Mai Agogo.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Gwiwa shiru har azahar. Ban gaya wa Gwamnati ba, kada ta ɗauka aikinta ne.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Mai Agogo ta ba ni takarda mai zanen wani ɗan mutum yana ɗaga ƙafa, a kwance, a zaune, a tsaye. Goma-goma, safe da yamma. Ta ce wannan ita ce rabin maganin. Na ninke ta huɗu na sa a aljihu, a can take har yanzu.

Na so in koya mata wani abu game da haske, tunda sana'ata ce tun ba a haife ta ba. Na ce duk mai hoto ya sani, in hoto ya fito fari fat ba ƙarfi, lokaci ake ƙara masa. Ta ce nan ba haka ba ne, akwai adadin da jiki ke so, in ya wuce ba ya ƙara komai. Tana magana tana naɗe waya, ko kallona ba ta yi. Yaran yanzu sun iya ce maka ba ka sani ba cikin ladabi.

Litinin, 13 ga Oktoba

Awa uku a kan benci kafin a kira ni. Ga bas ta girgiza ni a zuwa, ta girgiza ni a dawowa. Duk don minti goma sha biyu.

Yau wata mata ce ta fito. Farin mayafi, jaka a cinya. Na tuna ta ce in ajiye kujera ta biyu kusa da ita, na ce wa ake jira, ta ce ba kowa, ka dai ɗauka haka. Na ɗauka. Ban tambaye ta ba a lokacin, ƙuruciya ta sa na ɗauka ba ruwana. Yau na buɗe baki zan tambaye ta, ƙararrawa ta kore ta. Raina ya ɓaci sosai, har Mai Agogo ta ce ko fitilar ta yi zafi.

A hanyar gida bas ta bi ta gaban shago. Taga a rufe, allon ya karkace, wani ya jingina tsani a ƙofar hawa. Ina kallo har muka sha kwana. Sai wani tunani ya faɗo min, ya ƙi tafiya har yanzu da nake rubutun nan: ai ni ma ina da jar fitila.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ban je asibiti ba.

Na fita a kan lokaci, da katina a hannu, na sauka a gaban shago. Telan da ke ƙasa ya zaro ido, na ce masa bai gan ni ba. Ya ce, "Baba mai hoto, ni ai ɗinki nake yi." Na hau da zaune, ina jan jiki da baya, matakala ɗaya-ɗaya, sandata tana biye da ni. Wandona ya share benen tas, mai benen ya kamata ya gode min.

Komai na nan yadda na bar shi. Kujerar ɗaukar hoto mai hannu biyu, labulen da aka zana wa tafki da duwatsu, akwatunan fim jere bisa shekara. Na shiga ɗakin wanki na ja ƙofa, na lalubi makunnin da hannuna ya sani ba sai da ido ba. Da jan ya cika ɗakin sai da na dafa bango. Ban san na yi kewarsa haka ba.

Na sauko da fitilar daga ƙusa, na ɗora ƙafa a kan benci, na saita ta a kan gwiwa. Awa ɗaya cur. Ba ɗumi kamar ta asibiti, amma ja dai ja ne. Ba tef, ba agogo, ba mai cewa a'a Baba. Mai keke ya dawo ya ƙarasa murmushinsa, ashe wushirya gare shi. Matar nan ma ta zo ta zauna kusa da kujerarta, ba ta ce komai ba, ni ma ban matsa mata ba. Muka yi zamanmu.

Gwamnati ta ce, "Malam, an haska?" Na ce an haska. Ban yi ƙarya ba gaba ɗaya.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Mai hoton kirki ba ya cankar lokaci. Siririyar takarda yake yankowa, ya rufe ta da kwali, ya riƙa janye kwalin kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin haske, kowane yanki da nasa lokacin, sannan ya wanke ya ga inda ya fi kyau. Haka maigidana ya koya min, haka na yi shekara arba'in, ban taɓa ɓata babbar takarda a banza ba.

Haka na yi wa gwiwa yau. Na ja layi da biro na raba ta gida huɗu, na rubuta goma, ashirin, talatin, arba'in. Na yanko kwali na riƙa janyewa. Da na gama na danna kowane gida da babban yatsa, ina sauraro. Ina ji gidan arba'in ya fi daɗi. Zan sake gwadawa in tabbatar, aiki ba ya son gaggawa. In na gano adadin zan kai wa Mai Agogo kyauta, ta amfani sauran mutane.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na sake zuwa. Na ce wa Gwamnati iska zan sha. Wa zai zauna a ɗakin wanki ya naɗe hannu? Na haɗa ruwa, na buga hotuna shida daga tsofaffin fim, a tsaye awa biyu ban ji ba. Saukowa ce ta ba ni wuya.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ina cikin haska gwiwa aka ƙwanƙwasa. Wata matashiya ce, ta ga taga a buɗe. Ta ce mahaifinta ya rasu tana goye, ba su da hotonsa ko ɗaya, amma wata gwaggonta ta ce ya taɓa hawowa nan shekarar da ya sami aikin jirgin ƙasa. Ba ta san watan ba. Na sauko da akwatin shekarar, muka riƙa ɗaga fim a taga ɗaya bayan ɗaya, mutane masu baƙaƙen haƙora da fararen gashi suna wucewa ta gaban sama. Wajen na saba'in ta ce, "Tsaya, Baba. Kunnuwan nan nawa ne."

Na shigar da ita ɗakin wanki don ta ga fitowarsa da idonta. Ido tukuna. Ta toshe baki da hannu biyu, ba ta cire ba har ya gama fitowa, da hular aikinsa a ƙarƙashin hammata. Ni ma sai da na juya na yi kamar ina neman hantsaki.

Yanzu kowa da kyamara a aljihu, na sani, wata guda sai ya wuce ba wanda ya hawo. Amma a gaya min, in na mayar da makulli, ina irin wannan yarinya za ta ƙwanƙwasa?

Talata, 21 ga Oktoba

Gwiwa ta yi zafi, ta ɗan tasa. Na ce wa kaina alamar magani na aiki ce. Lambar asibiti ta kira sau biyu, na kifa wayar.

Da muna shan shayi Gwamnati ta kama hannuna ta juya, ta dubi farcen da ya yi rawaya, ta kai hanci. Ta ce, "Asibitin naku yanzu warin ruwan wanki yake yi?" Na ce duk magani ai warinsa ɗaya. Ta saki hannun a hankali, ta ci gaba da juya cokali. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Jiya idona ya raina fata. A gado nake rubutun nan, ƙafa a kan matashi biyu.

Na hau da ƙyar, na yi awa ɗaya da rabi a ƙarƙashin fitila don in rama. Bayan la'asar na tashi zan tafi, ƙafa ta ce ba inda za ta. Ta cika tam, tana sheƙi, lambobin da na rubuta sun baje sun yi girma. Na ja jiki zuwa bakin bene na leƙa, matakalar nan ta yi min nisa kamar rijiya. Na kira tela, shiru, ya fita kai kaya. Na zauna a ƙasa da waya a hannu, na daɗe ina kallon sunan Gwamnati kafin in danna.

Ba ta tambaye ni ina nake ba. Cewa kawai ta yi, "Kada ka motsa."

Na ji hawowarta, tana tsayawa tana haki, ita ma ai ba yarinya ba ce. Rabonta da benen nan ya fi shekara goma. Ta tsaya a kaina, ta ce in naɗe wando. Na shirya wa wankin babban bargo. Ta sunkuya ta karanta, goma, ashirin, talatin, arba'in, ta dubi kwalin da ke gefe, ta dube ni. Sai ta fashe da dariya, irin wadda take sa ta riƙe ciki, har ta zame ta zauna a ƙasa kusa da ni. Ban san inda dariyar ta ƙare kuka ya fara ba.

Ta kira mijin Auta ta ce ya zo da mota. Muna jira ta ce, "Kunna min fitilar nan in ga abin da ya fi ni." Na ja jiki muka shiga, ta ja ƙofa da kanta.

Na manta jan haske yana share shekaru. Duk yamutsewar fuska sai ta ɓace, furfura ta koma inuwa. Tana zaune a kan benci, sai ga yarinyar da ta taɓa shigowa ɗakin nan muna sabon aure, ta tsaya a bayana tana tsoron taɓa komai, tana tambaya ko mutanen cikin ruwan suna jin sanyi. Ita ce, ba abin da ya canza. Na kasa ɗauke ido. Na ji kamar in na yi numfashi da ƙarfi za ta narke ta koma farar takarda.

Ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Malam, ranar da ka faɗi tela ne ya kira ni. Ya ce in zo da sauri, bai ce kana da rai ba. Tun daga gida har nan ban sani ba. Kwana takwas ke nan kana fita da kati, ni kuma ina zaune da waya a cinya."

Ashe tun ranar farko ta sani.

A kan kujerar ɗaukar hoto aka sauko da ni, tela a gaba, mijin Auta a baya. Mutum dubu nawa na zaunar a kujerar nan na ce ɗaga haɓa, kada ka motsa. Jiya ni ne a kai, ina lilo tsakanin sama da ƙasa, silin yana tafiya a hankali. Auta tana ƙasa da cikinta wata bakwai, uwarta ta hana ta hawowa.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Likita ya zuƙe ruwa daga gwiwar da allura, rawaya, kusan rabin kofi. Ya ce hawa da sauka da doguwar tsayuwa ne suka tayar da ita. A huta har Litinin.

Gwamnati ta tura ni har ɗakin gashi don in ba da haƙuri da bakina. Biron bai gama fita ba. Mai Agogo ta ga lambobin, ta nemi bayani, na yi mata, har da kwalin. Ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka, ko da yake na ga gefen bakinta na rawa. Ta ce tata fitilar irin haskenta daban, ƙarfinta daban, an yi ta ne don ta ratsa fata. Sai ta ce, "Baba, in tambaye ka don ban sani ba. Ita taku fitilar, me take yi wa takardar hoto?"

Na ce ba ta yi mata komai. Ai shi ya sa muke aiki da ita. Takardar da ko ƙyallin ashana ke ɓatawa, sai ta yi mintoci a ƙarƙashinta ba abin da ya same ta.

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Duk duniya ba wanda ya fi ni sanin cewa fitilar nan an zaɓe ta ne don ba ta taɓa komai. Shekara arba'in da ɗaya amanar da ke tsakaninmu ke nan. Ita na ɗora wa gwiwa, har da gwaji gida huɗu. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Mai Agogo ta juya tana gyara zanin gado da ba abin da ya same shi.

Asabar, 25 ga Oktoba

Gwamnati ta kira mai benen da kanta, ta roƙi a ɗaga zuwa sha biyar ga watan gobe, don in cika sauran takwas ɗin. Ina jin ta daga ɗaki. Ni na karya doka, ita ta nemo min ƙarin lokaci. Ban san yadda ake gode wa irin wannan ba, sai na ce shayin yau ya yi daɗi.

Laraba, 29 ga Oktoba

An fito da takardar ɗan mutumin nan daga aljihu, an manna ta a jikin ƙofa. Safe da yamma ina kwance a tabarma ina ɗaga ƙafa, Gwamnati na ƙirgawa. Maguɗi take yi. Bakwai, takwas, takwas, takwas, tara. Na ce na ji ki. Ta ce ka kai ƙara.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Fuskokin sun yi fushi da ni kwana biyu, ja kawai nake gani. Yau suka dawo. Wasu tagwaye tsofaffi da suka zo da riga iri ɗaya suka ƙi zama kusa da juna. Na lura in ban yi ɗokin riƙe su ba, minti goma sha biyu na isar fuska ta fito har ta gaishe ni. Da agogo ya yi ƙara ban roƙi ƙari ba. Mai Agogo ta ce, "Baba, lafiya?"

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Na durƙusa na ɗauko cokalin da ya faɗi, sai da na miƙe na tuna. Kumburi ya sauka har ƙoƙon gwiwa ya fito. Ko fitila ce, ko maguɗin Gwamnati ne, ko hutun bene, ban sani ba. Ba zan sake yin gwaji ba dai.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Na goma sha biyu. Mai Agogo ta auna gwiwar, ta rubuta, ta ce ta ji daɗi. Ta koya min yadda ake bin bene: in za a hau, lafiyayyar ƙafa ce gaba, in za a sauka, mai ciwon. Na ba ta labarin jarrabawar Asabar. Ta ce, "Za ka iya hawa, Baba. Sau ɗaya, sau goma ma. Amma guringuntsin bai dawo ba. In kullum ne, za mu sake haɗuwa, kuma ba lalle fitila ta isa ba."

Na ce ba a tambaye ta wannan ba. Ta ce haka ne. Ta riƙe min ƙofa har na fita.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Na hau.

Da hantsi muka je. Tela ya kashe keken ɗinki ya fito, mijin Auta ya tsaya a gefe an hana shi taɓa ni. Dama gaba, hagu ta biyo, hannu a ƙarfe. Auta na ƙirgawa da ƙarfi, ita ba ta maguɗi. A ta sha huɗu gwiwa ta yi magana, na ce mata ba yau ba. Ashirin da ɗaya. Ashirin da biyu. Tela ya yi tafi. Zuciyata kamar ta tashi sama, na juyo don in ga fuskar Gwamnati, in ga yadda hukuma ke karɓar kaye.

Bayanta na gani. Tana tsaye a bakin ƙofa ta fuskanci titi, hannunta biyu a kunne. Ba ta kalli ko taki ɗaya ba.

Auta ce ta hawo ta ce, "Baba, ka ci. Shago naka ne." Ta faɗa da gaske, har da murmushi. Doka dai hawa kawai ta ce, ba wanda ya tuna ya sa sauka a ciki. Na ɗan zauna a kujerar hoto na huta, sannan na ce mu tafi.

Sauka ba wasa ba ce. Hagu gaba, in jira, dama ta biyo. A ta uku na ɗaga kai, sai na ga Auta a gabana. Da baya take sauka, ba ta riƙe ƙarfe ba, ta buɗe hannu biyu tana fuskantata, cikinta a tsakaninmu. Na ce ke, matsa. Mijinta ma ya yi magana daga ƙasa. Ta ce, "Ban taɓa ka ba, Baba, doka ba ta karye ba. Taho." Haka na riƙa yi mata a tsakar gida tana koyon tafiya, ina ja da baya, ina cewa taho. Amma ni a lokacin in ta faɗo kaina ba abin da zai same ni. Na dubi nauyina, na dubi inda ƙafarta ke lalubar matakala ba ta gani. Ban taɓa jin tsoro irin na matakala goma sha taran nan ba, ko ranar da na faɗi.

Da muka iso ƙasa aka taɓa kafaɗar Gwamnati. Ta juyo, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Barka, Malam." Muka tafi gida.

Talata, 18 ga Nuwamba

Shago nawa ne, kowa ya shaida. Ban dai je ba tukuna. Lahadi gajiya, jiya hadari ya haɗo, yau kuma ban ga abin gaggawa ba.

Da safe na leƙa siton da ke bayan kicin, ina neman guduma. Ba taga, ƙofarsa na rufuwa ruf, famfo na jikin bangon ta waje. Taki biyar a tsaye, uku da rabi a kwance. Akwatunan fim za su shiga in an jera su har sama. Aunawa kawai na yi, mutum ai yana iya auna sitonsa. Na kuma ce wa tela a waya, in wani ya zo neman hoto ya ba shi lambata, ya kwatanta masa gida. Don kwanakin nan ne da ba na fita.

Makullin yana wajen Auta tun jiya. Na ce ta riƙe min, aljihun rigata ya huje, in ta haɗu da mai benen kuma ta gaishe shi. Ɗazu Gwamnati ta ɗauko rigar da allura da zare. Ta juya aljihun dama, ta juya na hagu, ta zura yatsa har kusurwa, ba huji ko ɗaya. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta mayar da allurar cikin gwangwani, ta ninke rigar ta sa a akwati.